Curin Dutse: Yadda Ake Gane Ko Akwai Burbushin Halitta a Cikinsa

Masu haƙar rijiya da masu ɗiban yashi da manoma sukan ci karo da wani dunƙulallen dutse wanda siffarsa ta saɓa wa duwatsun da ke kewaye da shi, wani kamar ƙwallo, wani kamar ƙwai, wani kuma a baje. Tambayar da kan biyo baya kusan ɗaya ce a kullum: shin ƙwan wata tsohuwar dabba ne, ko kuwa akwai wata halitta da ta daskare a cikinsa? Tambayar ba ta wauta ba ce, domin da yawa daga cikin burbushin halittun da suka fi kyau a gidajen tarihi na duniya daga cikin irin waɗannan curarrun duwatsu aka fito da su. Sai dai siffar dutse, wadda ita ce ke fara jan hankalin mai tsintuwa, ita ce hujja mafi rauni a cikin dukan hujjojin da masana ke dubawa. Hujja mafi ƙarfi ita ce wurin da dutsen ya fito, kuma ga mazaunin Zariya wannan batu na wuri yakan yanke hukunci tun kafin a ɗauki guduma.

Curin dutse na gaskiya yana samuwa ne a cikin duwatsun shimfiɗa, wato waɗanda suka taru daga laka da yashi da suka kwanta hawa-hawa a ƙarƙashin teku ko tafki ko bakin kogi. Idan kifi ko katantanwa ko ganye ya nutse a cikin laka kafin ya gama ruɓewa, ƙwayoyin bakteriya sukan ci gaba da cin namansa a wurin da iska ba ta isa, kuma wannan ruɓewar tana sauya yanayin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin lakar. Sinadarin kabon da ke fita daga gawar yana haɗuwa da kalsiyam ko ƙarfen da ke narke a cikin ruwan, sai su zama wani irin siminti da ke ɗaure lakar da ke kewaye da gawar, daga tsakiya zuwa waje. Shi ya sa curin ke fitowa a dunƙule, domin sinadarin yana bazuwa ne ta kowace fuska kusan daidai wa daida. An daɗe ana ɗaukar cewa wannan aiki yana cin dubban shekaru, amma binciken da Hidekazu Yoshida da abokan aikinsa na Jami'ar Nagoya ta Japan suka wallafa a 2015 ya nuna cewa wasu ƙananan curarrun sun ginu ne cikin makonni ko watanni bayan mutuwar halittar. Wannan saurin shi ne sirrin kyawun abin da ake samu a ciki. Lakar da ke waje tana matsewa a ƙarƙashin nauyin abin da ya taru a kanta har ta baje duk abin da ke cikinta, amma curin ya riga ya taurara, don haka halittar da ke cikinsa takan tsira da kaurinta da siffarta.

Daga nan ake gane abu biyu. Na farko, curi da burbushin halitta suna da dangantaka ta asali, ba haɗuwar katari ba ce. Na biyu kuwa, wanda masu tsintuwa ba su cika son ji ba, dangantakar ba ta tabbatar da cewa za a ga wani abu idan an fasa. Halittar da ta haddasa curin tana iya kasancewa mai taushin jiki da ta narke gaba ɗaya ba ta bar alama ba, ko kuma ɗan guntun ɓawo ne da bai kai ƙwayar gero ba, ko kashin kifi, ko ramin tsutsa. Akwai kuma curarrun da ruwan ƙarƙashin ƙasa kawai ya gina su a cikin yashi ba tare da wata gawa a tsakiya ba. Ko a wuraren da suka yi suna da curarru masu burbushi, masu tarawa sun saba da fasa da yawa su tarar da su fayau.

Yanzu sai a dubi ƙasar Zariya kanta. Garin yana zaune ne a kan tsoffin duwatsun gindi na Nijeriya, giranit da rikiɗaɗɗun duwatsu irin su nais da shist. Dutsen Kufena da takwarorinsa da ke tsaye a filin Zazzau giranit ne da ya daskare daga narkakken dutse a can cikin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, daga baya zaizaya ta tone shi. Halittu masu ɓawo mai tauri ba su yawaita a duniya ba sai kimanin shekaru miliyan 540 da suka wuce, masu ƙashi kuma sun zo bayan haka. Ke nan dutsen ya girmi ƙashi da ɓawo, kuma ko da bai girme su ba, babu gawar da za ta tsira a cikin narkakken dutse ko a cikin zafi da matsin da suka rikiɗa nais. Wanda ya tsinci dunƙulallen dutse a gindin Kufena ko a gona a Samaru ko Shika, in dai ba kawo shi aka yi daga wani wuri ba, zai iya cire rai da samun kifi ko katantanwar teku a cikinsa.

To, mene ne waɗannan dunƙulallun da ake tsinta a nan? Mafi yawansu 'ya'yan marmara ne. Ruwan damina da zafin rani sun shafe miliyoyin shekaru suna wanke saman duwatsun gindi, suna kwashe abin da ke narkewa, suna barin ƙarfe da alminiyam, kuma ƙarfen yakan taru ya dunƙule ya zama tsakuwa ja ko ruwan ƙasa mai duhu, daga girman wake har zuwa girman dunƙulen hannu. Irin wannan ƙasa mai ƙarfe ce maƙeran da suka narka tama a yankin suka dogara da ita, kuma masu binciken kayan tarihi sun tono wuraren narka ƙarfe a yammacin Samaru. Idan aka fasa ɗan marmara akan ga zobe cikin zobe kamar an yanka albasa, wani lokaci da rami a tsakiya, har akan sami wanda ke kaɗawa idan an girgiza shi saboda busasshiyar laka da ta saki a ciki. Wannan kaɗawar ta sa mutane da yawa sun rantse cewa ƙwai ne. Marmara kuma takan zo da ramuka masu lanƙwasa da saiwoyi da gara da ruwa suka bari, waɗanda bakinsu ya yi tauri da ƙarfe, sai su yi kama da guntayen ƙashi ga wanda bai saba ba. Bayan 'ya'yan marmara akwai cibiyoyin giranit, waɗanda ruwa ya ci gefunansu ta tsagogi har suka zama mulmulallu suna ɓare ɓawo, akwai duwatsun da ruwan kogin Galma ko na Kubanni ya mulmula, akwai kuma 'ya'yan dutsen niƙa na mutanen da, waɗanda ake samu a tsoffin kufai. Wannan na ƙarshe yana da daraja ta tarihi, amma darajarsa ta aikin hannun ɗan Adam ce.

Wasu kuma sukan zaci dutsen sama ne ya faɗo. Hakan ya taɓa faruwa ba nesa da nan ba, domin a ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Amma dutsen sama yana da siririn ɓawo baƙi na ƙuna, ba ya da zobe-zobe a ciki, kuma abu ne mai wuyar samu ƙwarai.

Labarin yana sauyawa idan dutsen daga Sakkwato ko Gombe ya zo, kuma duwatsu suna zuwa Zariya daga can a hannun ɗalibai da direbobi da 'yan kasuwa. A ƙarshen zamanin Kiretashiyos, wato zamanin ƙarshe na dinoso, dabbobin nan masu kama da manyan ƙadangaru da suka ɓace, da farkon wanda ya biyo shi, wani hannun teku ya ratsa inda Sahara take a yau, ya malale sassan ƙasar da ta zama Nijeriya, ya bar laka da dutsen farar ƙasa cike da halittun ruwan gishiri. A kwarin Sakkwato, shimfiɗar Dukamaje ta ba da ƙasusuwan kifaye da kunkuru da wani babban ƙadangaren teku wanda masanin Birtaniya W. E. Swinton ya fara bayyanawa a 1930, sannan masana daga Italiya suka ba shi sunan Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Shimfiɗar Dange tana da haƙoran kifaye da curarrun fosfet, wato irin ma'adinin da ke cikin ƙashi da haƙori, ta Kalambaina kuma, wadda ake haƙa don yin siminti, tana da ɓawon halittun teku da yawa. A gabas, mahaƙar dutsen siminti ta Ashaka da shimfiɗar Pindiga a Jihar Gombe sun yi suna a wajen masana saboda amonayit, wata halittar teku mai naɗaɗɗen ɓawo mai ɗakuna a ciki, kuma duwatsun wurin sun haura shekaru miliyan 90. Curin da ya fito daga baƙar laka mai shimfiɗa a ɗaya daga waɗannan wurare ya cancanci a zauna a dube shi da kyau. A ganina, mutumin da ya kawo dutse bai san inda aka ɗauko shi ba ya riga ya zubar da rabin amsar.

Idan wurin ya ba da dama, abu na gaba shi ne sanin simintin da ya ɗaure curin, kuma ana iya yin wannan a gida. A ɗiga ruwan kal ko ruwan lemon tsami a kan wurin da aka ɗan kankare: idan ya yi ƙananan kumfa, simintin kalsayit ne, irin na dutsen farar ƙasa, kuma wannan nau'in shi ne ya fi yawan adana kifi da ɓawo. Masana suna amfani da ruwan asid mai rauni da aka tanada don wannan gwaji, amma kada kowa ya kusanci ruwan batir, domin yana ƙona fata kuma ba ya ba da amsa mai kyau. A gwada kuma da wuƙa. A ma'aunin tauri na Mohs kalsayit yana mataki na 3, bakin wuƙa yana wajen 5 da rabi, kwaz kuma, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, yana 7, saboda haka wuƙa tana karce curin kalsayit cikin sauƙi, amma tana zamewa a kan dutsen kogi mai kwaz. Curin da ya yi nauyi fiye da girmansa, mai ɓawo ruwan ƙasa da ciki toka-toka, mai yiwuwa sidarayit ne, wato kabon da ƙarfe. Idan aka goga ɗan marmara a bayan fasasshen tayil mara sheƙi yakan bar layi ja ko ruwan ɗorawa mai duhu, alamar tsatsar ƙarfe. Ya kamata a lura cewa duk waɗannan gwaje-gwaje suna faɗin irin curin ne kawai. Nauyi musamman ba ya nuna komai game da abin da ke ciki, ko da yake shi ne hujjar da masu sayarwa suka fi kawowa.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe shi ne duban fatar curin, bayan an wanke shi da ruwa da tsohon buroshin haƙori, a cikin hasken rana na safe ko na yamma da ke zuwa ta gefe, tare da gilashin ƙara girma in akwai. Curi yakan bi siffar abin da ya haife shi. Kifi yakan ba da curi mai tsawo da faɗi a gefe ɗaya da tsukewa a ɗayan, kamar yadda ake gani a curarrun Santana na arewa maso gabashin Burazil, inda sau da yawa ana iya hasashen kai da wutsiya tun kafin a buɗe. Amonayit yakan ba da curi zagayayye a baje, ganye kuma yakan ba da mai siffar ƙwai a baje. Curin da ya zama cikakkiyar ƙwallo yakan nuna cewa cibiyarsa ƙarama ce ƙwarai, ko babu ita, saboda haka dutsen da ya fi burge ido sau da yawa shi ne ya fi zama fanko. Manyan ƙwallayen Moeraki na bakin tekun Niyu Zilan, waɗanda wasunsu suka kai mita 2 a faɗi, ba su ƙunshi wata babbar dabba a ciki ba.

Bayan siffa sai gefe. Simintin ba koyaushe yake rufe gawar duka ba, don haka akan ga bakin ɓawo ko ƙarshen ƙashin baya ko tsinin haƙori ya leƙo a kan layin da ya zagaye curin ta inda ya fi faɗi. Abin da ake nema shi ne tsari mai maimaituwa wanda halitta kaɗai ke yi: haƙarƙarin ɓawo da ke jere da tazara iri ɗaya, gaɓoɓin ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, ɓawon kifi da ke hawa kan juna, ko layukan nan masu lanƙwasa kamar zanen ganye da ke nuna mahaɗar ɗakunan amonayit. Ƙashi yakan bambanta da dutsen da ke kewaye da shi a launi, sau da yawa baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma inda ya karye ana ganin ƙananan ramuka a ciki da zare-zare a tsawonsa. Haƙori yana da sheƙi da santsi da babu wani ma'adini a cikin laka da ke kwaikwayonsa. Akwai masu cewa a taɓa da harshe, wai ƙashi yana mannewa. Gaskiya ne yakan manne saboda ramukansa suna shan danshi, amma busasshen yumɓu da marmara ma suna mannewa, don haka a ƙasa irin tamu gwajin ba ya raba gardama.

Akwai abubuwa uku da suka fi yaudarar mutane. Wani curin yakan tsattsage daga ciki, daga baya kalsayit fari ko rawaya ya cike tsagogin, idan zaizaya ta ci fatarsa sai a ga gida-gida kamar bayan kunkuru. Bambancin shi ne gidajen bayan kunkuru suna da tsari, dama da hagu suna daidaita, na curi kuwa kowane gida da girmansa. Na biyu shi ne baƙin zane mai rassa da kan fito a fuskar tsaga, wanda kowa zai ce ganye ne ko gansakuka, alhali sinadarin manganis ne da ruwa ya shigar. Ganye na gaskiya yana da jijiya ta tsakiya da iyaka bayyananniya, wannan kuwa rassa ne kawai da ke ta rabuwa. Na uku shi ne batun ƙwan dinoso. Ƙwai na gaskiya yana da ɓawo siriri, 'yan milimita kaɗan, mai kauri ɗaya a ko'ina, mai ƙananan ƙofofin numfashi da ƙyasfi-ƙyasfi a fatarsa, kuma yakan farfashe ya zauna guntu-guntu a kan cikon laka. Curi kuwa ɓawonsa mai kauri ne, hawa-hawa, kaurin yana sauyawa daga gefe zuwa gefe. Maƙwabciyarmu Nijar tana da dinoso na gaske, irin su Ouranosaurus da Nigersaurus daga Gadoufaoua a hamadar Tenere, kuma sunan da ta yi ya sa duk wani mulmulallen dutse da aka ce daga arewa ya zo yakan sami mai saye. Tun da akwai kasuwa, akwai kuma jabu, har da waɗanda aka sassaƙa ko aka haɗa da gam aka shafa musu ƙasa.

Hanyar da ba ta ɓarna ita ce ɗaukar hoton ciki da na'urar hoton ƙashi ko ta sikanin CT, wadda masu bincike ke amfani da ita a yau kafin su taɓa curi mai muhimmanci. Tana aiki sosai idan abin da ke ciki ya bambanta da simintin a nauyi, misali ƙashin fosfet a cikin laka, amma ɓawon kalsayit a cikin curin kalsayit yakan ɓace a hoton, curi mai ƙarfe da yawa kuma yakan hana hasken ratsawa. Ga mai tsintuwa na yau da kullum, abin da ya fi sauƙi shi ne ya kai dutsen sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, ko ofishin hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta ƙasa a Kaduna, inda wanda ya saba da shimfiɗun Sakkwato da Gombe zai iya gane asalin dutse da ido.

Fasawa ita ce matakin ƙarshe, domin ba a mayar da ita. Burbushin da ke ciki yana kwance ne a kan shimfiɗar lakar asali, kuma wannan fuskar ita ce mafi rauni a jikin curin, saboda haka ana tsayar da shi a kan gefensa a bisa buhun yashi, a riƙa bugun layin da ya zagaye shi a hankali da guduma, ana juyawa, har tsaga ta bayyana da kanta. Wanda ya kwantar da shi ya maka masa guduma a tsakiya zai raba halittar gida-gida. Tabarau na kare ido wajibi ne. A yankin rafin Mazon na jihar Ilinoi ta Amurka, inda curarrun sidarayit masu shekaru sama da miliyan 300 suka adana ganyaye da halittu masu taushin jiki, har da wata baƙuwar halitta da wani mai tarawa, Francis Tully, ya tsinta a shekarun 1950 aka ba ta suna a 1966, masu tarawa sun fi son wata dabara mai cin lokaci. Sukan jiƙa curin a ruwa na kwanaki, su sa shi a firiza ya daskare, su fitar ya narke, su maimaita sau da yawa har ƙanƙarar da ke kumbura a cikin tsagar ta buɗe shi daidai kan burbushin. Dabarar tana bukatar wutar lantarki mai ɗorewa da haƙuri na makonni ko watanni, kuma ba kowane irin curi take yi wa aiki ba. Sa curi a wuta don ya fashe kuwa haɗari ne, domin ruwan da ke ciki yana iya tarwatsa shi a fuskar mutum.

A ɗakunan bincike akwai masu narkar da curin kalsayit a hankali da ruwan kal mai rauni, kamar yadda aka yi wa kifayen Gogo na yammacin Ostareliya har ƙasusuwansu suka fito cikakku. Wannan yana yiwuwa ne saboda ƙashi fosfet ne, ba ya narkewa da sauri kamar simintin. Idan abin da ke ciki ɓawon katantanwa ne ko amonayit, ruwan zai cinye shi tare da curin, don haka ba a fara wannan aiki sai an san abin da ke ciki.

Idan curi ya buɗe aka ga wani abu, a ajiye ɓangarorin biyu tare, domin sau da yawa rabin ƙasusuwan yana manne a ɗaya gefen, kuma kada a goge fuskar da buroshi ko a shafa mata mai ko fenti don ta yi sheƙi. A rubuta sunan gari da wurin da aka ɗauko shi da irin ƙasar da yake ciki da zurfinsa da ranar, a sa takardar tare da dutsen, in da hali a haɗa da hoton wurin da lambobin taswira daga waya. Curin da ke da ma'adinin farayit, mai ƙyalli ruwan zinariya, yana bukatar ƙarin kulawa a daminar Zariya, domin danshi yana sa farayit ya ruɓe ya zama farin gari mai warin kibiritu, ya farfasa burbushin daga ciki. Irin wannan ana ajiye shi ne a cikin mazubi mai murfi da ke hana iska shiga, tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a cikin kwalin takalmi ko na magani, a riƙa sauya su idan sun jiƙe.